Wa Ke Riga Wani Kabari? Tarihin Ratar Tsawon Rai Tsakanin Mata da Maza

A shekarar 1662 wani ɗan kasuwa a birnin Landan mai suna John Graunt ya fitar da wani ɗan littafi da ya zama tushen ilimin ƙidayar mace-mace. Ba likita ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Abin da ya yi shi ne ya tattara takardun da ake bugawa mako-mako a birnin, masu ɗauke da adadin jariran da aka yi wa baftisma da adadin mutanen da aka binne, ya zauna ya yi ta lissafi. Ya gano cewa ana haifar maza fiye da mata, kimanin 14 a kan kowace 13. Ya kuma lura da wani abu da ya ɗaure masa kai: likitoci sun shaida masa cewa a duk namiji ɗaya da suke dubawa sukan duba mata biyu, amma da ya leƙa lissafin maƙabarta sai ya tarar maza sun fi yawa. Shekaru fiye da 350 ke nan, kuma a yau babu wata ƙasa da za a nuna a ce mazanta sun fi matanta tsawon rai da wata tazara ta a zo a gani. A duniya baki ɗaya mace na gaban namiji da kimanin shekara biyar.

Saboda abin ya game duniya, mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin hukuncin halitta, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Ratar ta taɓa zama rabin shekara a wata ƙasa, ta kai kusan shekara 14 a wata, ta kuma juya baya gaba ɗaya a wasu wuraren har maza suka riƙa binne matansu. A cikin ƙasa ɗaya ma takan buɗe ta kuma tsuke a tsawon rayuwar mutum guda. Jikin ɗan Adam bai sauya ba tsakanin 1900 da 1975, amma a Amurka ratar ta ninka kusan sau huɗu a wannan tsakanin. Matsayata ita ce halitta ta ba mace ɗan fifiko, na shekara ɗaya ko biyu, kuma duk abin da ya haura haka ko ya gaza haka aikin mutane ne: yadda ake haihuwa, wanda ake fara ba abinci da magani a gida, da abin da maza ke zuƙa ko kurɓa. Lokacin mutuwa yana hannun Allah, amma sanadinta yana barin sawu a cikin rajista, kuma sawun ne ake iya bi.

Idan aka ce matsakaicin tsawon rai a wata ƙasa shekara 40 ne, ba ana nufin mutane na faɗuwa su mutu da zarar sun cika arba'in ba. Lissafi ne da ke ɗaukar yawan mace-macen kowane rukunin shekaru a shekara guda, ya tambaya: in jaririn da aka haifa yau zai fuskanci wannan haɗarin a kowane mataki na rayuwarsa, shekara nawa za a sa ran zai yi? Mutuwar yara ƙanana ita ke jan adadin ƙasa. A ƙasar da yaro ɗaya cikin huɗu ba ya kai shekara biyar, za a samu tsofaffi masu shekara saba'in da yawa, amma matsakaicin ya tsaya a arba'in. Wannan na da muhimmanci ga batunmu, domin ratar shekara biyu ta ƙarni na 19 da ratar shekara bakwai ta ƙarni na 20 ba daga rukunin shekaru ɗaya suka fito ba. Ta farko yawancinta daga zanin goyo take, ta biyu daga magidanta 'yan shekara hamsin zuwa saba'in.

Ƙasar da ta fi kowa daɗewa tana riƙe da lissafi mai inganci ita ce Suwidin. Tun 1749 gwamnati ta ɗora wa limaman coci alhakin aika adadin haihuwa da mutuwa na kowace unguwa, kuma wani masanin taurari, Pehr Wargentin, ya yi amfani da su ya tsara jadawalin mace-mace da ya raba maza da mata. A rabin ƙarshe na ƙarni na 18 namiji a Suwidin na da kimanin shekara 34, mace kimanin 37. A Ingila an kafa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a 1837, kuma jadawalin farko da William Farr ya tsara na shekarar 1841 ya ba namiji shekara 40, mace 42. A Amurka a 1900, a jihohin da ke rajistar mutuwa, namiji na da 46.3, mace 48.3, kuma a 1920 ratar ta sauko zuwa shekara ɗaya tak. A Ailan a 1926 rabin shekara ce kawai. Wato har zuwa farkon ƙarni na 20 fifikon mace ɗan ƙarami ne, kuma a wasu matakan rayuwa babu shi sam. A yankunan karkara da dama na Turai, daga ƙuruciya zuwa ƙarshen shekarun haihuwa, mata sun fi maza mutuwa. Tarin fuka ya fi cin 'yan mata masu tasowa, su ne ke jinyar marasa lafiya a ɗakunan da iska ba ta shiga, kuma a gidan talaka nama da mafi kyawun abinci na mai fita aiki ne.

Sai kuma haihuwa. A Ingila, daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa 1935, mace huɗu zuwa biyar ke rasuwa a kowace haihuwa dubu, kuma abin mamaki shi ne adadin ya ƙi motsi duk da cewa mutuwar jarirai da ta sauran jama'a na ta raguwa. Ba don an rasa sani ba ne. Tun 1847 Ignaz Semmelweis ya nuna a babban asibitin Biyana cewa likitoci ne ke ɗauko zazzaɓin jego a hannayensu daga ɗakin gawa zuwa ɗakin haihuwa, kuma da ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin mutuwar masu jego a sashensa ta faɗo daga wajen kashi 10 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 2. Amma saninsa bai hana mata ci gaba da mutuwa kusan shekara casa'in ba. Masanin tarihin likitanci Irvine Loudon ya nuna cewa a wancan zamanin matan masu hali, waɗanda likitoci ke karɓar haihuwarsu da ƙarafa da gaggawa, sau da yawa sun fi matan talakawa da ungozoma ke karɓa shiga haɗari. Abin da ya karya lagon matsalar shi ne maganin kashe ƙwayar cuta: a 1936 Leonard Colebrook ya gwada maganin Prontosil a asibitin Queen Charlotte na Landan, daga baya fenisilin ya zo, ga ƙarin jini, ga horar da ungozomomi. Kafin 1950 adadin ya koma ƙasa da ɗaya cikin dubu. A lokaci guda kuma yawan haihuwar ya ragu: matar da ta yi aure a Ingila a shekarun 1860 takan haifi wajen shida, jikarta a shekarun 1930 wajen biyu. Haɗarin kowace naƙuda ya ragu, yawan naƙudar ma ya ragu.

Duk da haka kuskure ne a jingina komai a kan haihuwa. Ko a lokacin da abin ya fi muni, mutuwar jego ba ta isa ita kaɗai ta bayyana yadda mata suka yi gaba ba. Claudia Goldin da Adriana Lleras-Muney sun bi rajistar jihar Massachusetts ta Amurka, suka ga cewa kafin ƙarshen ƙarni na 19 'yan mata ƙanana da masu tasowa sun fi takwarorinsu maza mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa, don haka da aka samu tsabtataccen ruwan sha da magudanar ƙazanta, su suka fi cin moriya. Wannan shi ne rabin farko na labarin: an sauke wa mace kayan da ke danne fifikon da take da shi tun asali.

Rabin na biyu na maza ne, kuma ya fara da wata na'ura. A 1881 James Bonsack ya yi rajistar injin naɗa sigari, wanda ke yin aikin ma'aikata da dama a yini, kuma James Buchanan Duke ya ɗauke shi ya cika kasuwa da taba mai arha. Kafin nan ana shan taba a lofe ko a tauna ta ko a shaƙa, kuma hayaƙin lofe ba a cika kai shi cikin huhu ba. Sigari kuwa mai laushi ne, ana zuƙarsa har ƙasa, ana kuma iya kunna shi sau ashirin a yini. Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu suka ƙarasa aikin, domin gwamnatoci sun sa sigari cikin guzurin soja, samari miliyoyi suka tafi fagen fama ba sa sha suka dawo ba sa iya bari. A 1948 kashi 65 cikin ɗari na mazan Birtaniya na shan sigari, in aka haɗa da masu lofe da sauran nau'in taba ya haura kashi 80. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill a Ingila, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka buga binciken da ya danganta sigari da sankarar huhu. Doll da Hill suka ci gaba da bin likitocin Birtaniya dubbai tun daga 1951, kuma bayan shekara hamsin sakamakon ya nuna mai shan sigari tsawon rayuwarsa na rasa kimanin shekara goma. Abin da ya sa aka daɗe ba a farga ba shi ne taba ba ta karɓar bashinta nan take. Saurayin da ya fara sha a 1918 sai a shekarun 1950 zuciyarsa ko huhunsa ke kai shi ƙasa.

Alƙaluman sun bi wannan jinkirin sau da ƙafa. A Ingila ratar ta yi ta buɗewa har ta wuce shekara shida a wajen 1970. A Amurka ta kai 7.8 a 1975 da kuma 1979. A Faransa, inda giya ta haɗu da taba, ta haura shekara takwas a shekarun 1980. Wani bincike da Hiram Beltrán-Sánchez da Caleb Finch da Eileen Crimmins suka buga a 2015, wanda ya bi mutanen da aka haifa tsakanin 1800 da 1935 a ƙasashe 13, ya nuna cewa fifikon mutuwar magidanta maza a kan mata sa'anninsu bai fito fili ba sai a cikin waɗanda aka haifa bayan 1880. Sun ƙiyasta cewa taba ce sanadin kimanin kashi 30 cikin ɗari na wannan rarar a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa 70, yayin da ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya ɗauki kaso mafi girma. Wani zai ce to ai kashi 30 ba rabi ba ne, ina sauran? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta rushe hujjar ba. Da cututtuka masu yaɗuwa suka ja baya, abinci ya sauya zuwa mai maiƙo, aikin ƙarfi ya ragu, sai wani rauni da ke jikin namiji tun da can ya samu filin bayyana, wato saurin toshewar jijiyoyin zuciya shekaru da dama kafin na mace. Raunin na halitta ne, amma yanayin da ya mayar da shi babban makashi na tarihi ne.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya biyo baya: ratar ta fara tsukewa. Bayan rahoton ƙungiyar likitocin Birtaniya na 1962 da na babban likitan gwamnatin Amurka na 1964, maza suka fara barin taba, ga maganin hawan jini da na rage kitsen jini da tiyatar zuciya, waɗanda maza suka fi amfana da su domin su ciwon ya fi kashewa da wuri. A Ingila ratar ta sauko ƙasa da shekara huɗu, a Amurka ta kai 4.8 a 2010. Sai dai a nan ne ya kamata mai murna ya yi hattara, domin wani ɓangare na tsukewar ba ci gaban maza ba ne, koma-bayan mata ne. Kamfanonin taba sun daɗe da gane cewa rabin kasuwa na zaune ba a taɓa ba. Tun 1929 Edward Bernays ya shirya wa wasu mata su kunna sigari a bainar jama'a a wani jerin gwano a New York, aka sayar da abin a matsayin alamar 'yanci, kuma a 1968 aka fito da Virginia Slims musamman don mata. A 1987 sankarar huhu ta zarce sankarar mama wajen kashe matan Amurka. A Denmak, inda matan da aka haifa tsakanin yaƙoƙin duniya biyu suka sha taba sosai, tsawon ran mata ya kusa tsayawa cik daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990, alhali maƙwabtansu na ci gaba. A Amurka kuma ratar ta sake buɗewa zuwa 5.8 a 2021, saboda korona da ta fi kashe maza, da miyagun ƙwayoyi, da kisan kai. Abin da ke buɗewa ya rufe ya sake buɗewa cikin shekara hamsin ba za a kira shi dokar halitta ba.

Masu ra'ayin halitta suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. A ko'ina ana haifar maza kimanin 105 a kan mata 100, kuma a ko'ina jarirai maza sun fi mutuwa a watannin farko, lokacin da ba wanda ya sha taba ko ya hau babur. Wani bincike da Virginia Zarulli da abokan aikinta suka buga a 2018 ya duba lokutan da mutuwa ta yi wa al'umma kaca-kaca: yunwar Suwidin ta 1773, yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1849, annobar ƙyanda a Aisland, yunwar Yukiren ta 1933, da 'yantattun bayin Amurka da aka kai Laberiya daga 1820. Kusan a duk waɗannan mata sun fi jurewa. A Yukiren a 1933 tsawon ran da ake sa wa jariri namiji rai ya faɗo zuwa wajen shekara bakwai, na mace wajen goma sha ɗaya. A yawancin dabbobi masu shayarwa ma mace ta fi daɗewa. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne mace na da ƙwayar gado ta X guda biyu, in ɗaya ta samu tangarɗa ɗayar ta rufa mata, namiji kuwa guda ɗaya gare shi. Garkuwar jikin mace ta fi kaifi. Sinadarin mazakuta kuma na da tsadarsa. Har akwai wani bincike na 2012 a kan babannin fadar sarakunan Koriya, wato mazan da aka dandaƙe, mutum 81, da ya nuna sun kai matsakaicin shekara 70, wato sun fi sauran maza masu irin matsayinsu da shekara 14 zuwa 19. Adadin kaɗan ne, kuma rayuwar fada ba irin ta kowa ba ce, amma ba a yi watsi da shi ba.

Duk wannan na tabbatar da cewa fifikon akwai shi. Bai faɗi girmansa ba. Don a auna girman ana buƙatar maza da mata da ke rayuwa iri ɗaya, kuma wuri mafi kusa da haka shi ne gidajen zuhudu na cocin Katolika, inda maza a nasu gidan, mata a nasu, ke tashi lokaci ɗaya, su ci abinci kusan iri ɗaya, ba aure, ba haihuwa, ba neman abin kai wa gida. Tun 1746 Antoine Deparcieux a Faransa ya lura cewa matan zuhudu sun fi mazan daɗewa. A 1957 Francis Madigan ya yi irin wannan nazari a kan malaman makarantun Katolika na Amurka, ya tarar ratar na nan, ya yanke hukuncin cewa halitta ce. Sai dai mazan da ya nazarta sun fi matan samun damar shan taba da giya, wanda shi ne ainihin abin da ake son cirewa daga lissafin. Marc Luy ya sake aikin da rajistar mutum fiye da 11,000 a gidajen zuhudu na Bavariya a Jamus, daga 1890 zuwa 1995. Ya tarar matan zuhudu na rayuwa kusan daidai da sauran matan Jamus, amma mazan zuhudu sun fi sauran mazan Jamus da shekaru da dama, har ratar da ke tsakaninsu da matan ta tsaya a wajen shekara ɗaya a daidai lokacin da ta waje ke ta buɗewa. Ma'ana, abin da ya faru a ƙarni na 20 ba wai mata sun samu wani sirri ba ne, mazan da ke wajen katanga ne aka bari a baya.

Akwai masu cewa yaƙi ne. Yaƙi na sare adadin maza ƙwarai: Faransa ta rasa sojoji fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma ramin da yaƙi ke yi a jadawali na 'yan shekaru ne, yana cikewa da an ajiye makamai. Suwidin ba ta shiga ko ɗaya daga yaƙoƙin duniya ba, ratarta kuma ta buɗe kamar ta kowa.

Inda hannun mutum ya fi fitowa ƙarara shi ne Rasha. A tsakiyar shekarun 1960 namiji a can na da kimanin shekara 64, ba nisa sosai da na Amurka. Daga nan, yayin da Yammacin Turai ke gaba, shi sai ya riƙa komawa baya, har hukumomin Tarayyar Sobiyet suka daina buga cikakkun alƙaluman na wasu shekaru. A watan Mayun 1985 Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da barasa: aka rage sarrafa ta, aka ƙara kuɗinta, aka taƙaita lokutan sayarwa. Jama'a sun tsani tsarin, baitulmali ya yi asara, amma cikin shekara uku tsawon ran maza ya tashi daga kusan 62 zuwa kusan 65. Babu wani sabon asibiti ko sabon magani da zai yi wannan cikin wannan ɗan lokacin. Da aka yi watsi da tsarin, Tarayyar ta wargaje a 1991, masana'antu suka rufe, bodka ta yi arha fiye da kayan abinci da yawa, sai adadin ya rufta zuwa wajen 57 a 1994, na mata kuwa wajen 71. Ratar ta kusa shekara 14, a ƙasar da ba ta cikin wani babban yaƙi ko yunwa. Binciken da David Leon ya jagoranta a birnin Izhevsk ya danganta kashi 43 cikin ɗari na mutuwar maza 'yan shekara 25 zuwa 54 da mugun shan barasa, har da turare da magungunan shafawa masu sinadarin giya da ake kwankwaɗa don arha. Matan Rasha sun sha wahalar talaucin nan ɗaya da mazansu, ƙila ma fiye, domin su suka riƙe gidajen, amma ba su mutu haka ba. Daga 2006 aka sake tsaurara dokokin barasa, kuma kafin 2019 namiji ya kai 68, ratar ta sauko zuwa goma.

Kudancin Asiya ya nuna ɗaya gefen. A Indiya, tsawon mafi yawan ƙarni na 20, maza sun fi mata tsawon rai, kuma sai a wajen 1980 mata suka kamo su. Haka abin ya kasance a Pakistan da Bangaladash da Nepal. Nazarin da aka yi a yankin Matlab na Bangaladash a shekarun 1970 ya nuna yadda hakan ke faruwa: a watan farko bayan haihuwa jarirai maza sun fi mutuwa, kamar ko'ina, amma daga shekara ɗaya zuwa huɗu sai 'yan mata su zarce su da nisa, domin an fi ba ɗa namiji abinci, an kuma fi saurin kai shi asibiti in zawo ya kama shi. A 1990 Amartya Sen ya ƙiyasta cewa mata fiye da miliyan 100 ne babu su a duniya waɗanda da suna raye in da an kula da su daidai da maza. Jihar Kerala, inda mata suka daɗe da samun karatu da asibiti, ba ta bi wannan sahun ba, alhali ba ta fi sauran Indiya arziki ba a lokacin. Saboda haka ƙaramar rata ba lallai ta zama alamar adalci ba. Idan aka ga maza da mata na mutuwa a shekaru ɗaya a ƙasar da tsawon rai gajere ne, mafi yawan lokuta ma'anarsa ita ce an cinye wa mace fifikonta.

Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na sa ta cikin ƙasashen da tsawon rai ya fi gajarta, shekara hamsin da 'yan kai, kuma cikin waɗanda ratar mata da maza ta fi ƙanƙanta. Na ce ƙiyasi domin mafi yawan mace-mace a ƙasar ba a rajistarsu. Ana yi wa mamaci sutura a kai shi makwancinsa a ranar, ba takarda, ba a rubuta sanadi, don haka alƙaluman daga binciken gida-gida ake haƙo su. Amma abin da ake da shi ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata 1,047 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, Chadi ma kusan haka, wato ninki biyu na abin da Ingila ke fama da shi kafin 1935. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ba da 512, wanda ko shi aka ɗauka ya yi daidai da Ingilar wancan zamanin, kuma matar da za ta haihu sau shida ko bakwai sau shida ko bakwai take tsallake wannan siraɗin. Sanadin ba ɓoyayye ba ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin jego. Tun a ƙarshen shekarun 1970 Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka rasu su ne waɗanda ba su yi awo ba, aka kawo su bayan abu ya riga ya ɓaci. Ranar da wannan adadin ya faɗo, ratar tsawon rai a Nijeriya za ta buɗe, kuma buɗewar za ta zama labari mai daɗi, saɓanin ta Rasha, ko da a jadawali su biyun za su yi kama da juna.

Babi na gaba na wannan tarihi an riga an rubuta rabinsa a Gabashin Asiya, saboda jinkirin nan na shekara talatin zuwa arba'in da ke tsakanin kunna sigarin farko da zuwan ciwo. A Sin kusan rabin maza na shan taba, mata kuwa ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari ba. A Indunisiya masu sha sun haura kashi 60 cikin ɗari na maza, mata 'yan ƙalilan. Bambancin ya fi na Birtaniya a 1948, domin a lokacin mata huɗu cikin goma a can suna sha. Zhengming Chen da Richard Peto da abokan aikinsu, a wani bincike da suka buga a 2015, sun ƙiyasta cewa in ba a samu mutane da yawa sun daina ba, taba za ta kashe ɗaya cikin kowane samari uku na ƙasar Sin.